Abin da na koya daga rufe wurare biyu a Birtaniya

Duk wanda ya yi karatun tattalin arzikin makamashi ya san yadda ake yawan kafa hujja da Birtaniya, domin daga 1990 zuwa 2022 hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya ya ragu da kusan rabi, alhali tattalin arzikinta ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin ɗari. Alƙaluman gaskiya ne. Sai dai abin da nazarinsu ya koya mini shi ne, raguwar hayaƙi iri biyu ce, kuma jadawalin hukuma ba ya bambanta su.

Ranar 30 ga Satumba, 2024, aka kashe tashar Ratcliffe-on-Soar, tashar ƙarshe da ke ƙona kwal don samar da lantarki a ƙasar. A 2012 kwal ne ke ba da kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar Birtaniya. Abin da ya karya shi haraji ne: a 2013 gwamnati ta ɗora ƙarin kuɗi a kan hayaƙin tashoshin wuta, daga baya ya tsaya a fam 18 kan kowane tan na hayaƙi, har ƙona kwal ya daina biyan kuɗin sabulu, gas da injinan iska da aka kakkafa a cikin teku suka maye gurbinsa. Gidaje da masana'antu ba su rasa wuta ba. Wannan ita ce raguwar da nake girmamawa, don an ci gaba da samun abin da ake buƙata, hanyar samunsa ce kawai ta canza.

A wannan ranar dai ta 30 ga Satumba, a garin Port Talbot na yankin Wales, kamfanin Tata Steel ya kashe murhunsa na ƙarshe na narka tama, matakin da aka ce zai raba mutum kusan 2,800 da aikinsu. Hayaƙin garin ya faɗi nan take, kuma za a rubuta shi a matsayin nasara. Amma buƙatar ƙarfe tana nan daram, saboda haka ake shigo da shi daga wasu ƙasashe, ciki har da Indiya, a ƙarasa sarrafa shi a Wales. An ɗauke hayaƙin daga littafin wata ƙasa an mayar da shi na wata, sararin samaniya kuwa guda ne.

Tun daga nan, idan aka miƙo mini rahoto mai ɗauke da layin hayaƙi yana gangarowa, nakan nemi shafi na biyu in ajiye kusa da shi, wato lissafin da ke haɗawa da hayaƙin kayan da ƙasa ta sayo daga waje. A wannan ma'aunin ma Birtaniya ta rage, amma ba ta kai rabi ba. Nakan kuma tambayi inda ma'aikatan suka nufa, domin a ganina ba a kiran abu bunƙasa idan gari guda ya wayi gari babu sana'a.

Gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 500 don taimaka wa gina sabon murhu mai aiki da lantarki a Port Talbot, wanda zai riƙa narka tsofaffin ƙarafa. Idan ya fara aiki da wutar da babu kwal a cikinta, a lokacin ne zan lissafa garin cikin raguwa ta gaskiya, ko da yake ma'aikatan da zai ɗauka ba za su kai na da ba.