Aikin danamon Land Rover: mun shiga akwatin katawut

Salam 'yan'uwa masu koyon rewaya. Tsohuwar Land Rover Series IIA ɗin da nake ta fama da ita, danamo (mai samar da wutar cajin batir) ya dawo kan injin, sabon burushi, fambel a ɗaure daidai, jan fitilar caji ma tana mutuwa in an taka totur, amma batir bai cika yadda ya kamata, in ta kwana biyu sai turi. Mutane na ta cewa in cire danamon in sa altaneta in huta. Ni dai a'a wallahi, danamon Lucas C40 yana ba da amfiya 22, ya ishi motar da ba ta da AC ba ta da komai sai fitilu da waifa. Matsalar tana cikin akwatin RB106 ne, wato akwatin da ke sarrafa wutar da danamo ke tura wa batir.

In kun buɗe murfin za ku ga koyil biyu. Wanda bakinsa (inda ƙarafa biyu ke haɗuwa wuta ta wuce) ke buɗe in mota na kashe shi ne katawut, mai haɗa danamo da batir in wuta ta kai, wanda ke rufe shi ne mai daidaita wuta, shi na taɓa. Na zare wayoyin A da A1 (haruffan suna rubuce a jikin akwatin) na haɗe su da juna, na sa mitar awon bolt tsakanin D da bodi, ku fara duba wane kan batir ne ke bodi don motocin kafin 1967 fozitib ne. Sai a ɗaga totur a hankali har allura ta tsaya cak. Kamfanin Lucas sun ce bolt 16.0 zuwa 16.6 a zafin digiri 20, amma a zafin digiri 40 irin namu 15.8 zuwa 16.4 ne, kar lambar ta tsorata ku, ba ita ke isa batir ba tunda an cire lodi. Tawa ƙasa take sosai. Sukurun mai daidaita wutar ana juya shi dama wuta ta ƙaru, kaɗan kaɗan fa, kuma a gama cikin daƙiƙa 30 don in koyil ya yi zafi mita ƙarya za ta yi muku. Wanda ya zarce kuma batir zai riƙa tafasa yana shanye ruwa, kwan fitila na ƙonewa.

Yanzu amita (mitar awon amfiya) na nuna caji sosai bayan tashi, sannan ta sauko da kanta. Saura katawut, ya kamata bakinsa ya rufe tsakanin bolt 12.7 da 13.3, gobe in Allah ya kai mu zan goge bakinsa da samfefa mai laushi in gwada.