Kafin ka hayi mota mai ɗaki ka shiga ƙauyukan Faransa

Ƙannena da kuka zo Faransa karatu ko aiki, da yawanku kun tambaye ni labarin yawon da muka yi ni da maiɗakina a mota mai ɗaki, wadda mutanen nan ke kira camping-car. Wasunku har sun fara tara kuɗi. Ina so ku je, wallahi ina so, domin wanda bai fita daga Faris da Liyon ba bai ga ƙasar nan ba. Sai dai a kwana 10 da muka yi, kusan rabi ni na lalata su da hannuna, kuma ba na son haka ta same ku.

Tun a wurin haya na fara tafka kuskure. Ma'aikacin ya zagaya motar da ni, ga tankin ruwa, ga tukunyar gas, ga akwatin bayan gida, ni kuwa hankalina ya riga ya hau hanya. Ya faɗi tsayin motar, na gyaɗa kai, ban rubuta ba. Lasisin ƙaramar mota, wato permis B, ya ishe ka tuƙa ta muddin nauyinta bai haura tan 3.5 ba, shi ya sa mutum ke shiga da hannun ƙaramar mota. Alhali tamu ta kusa mita 3 a tsaye. Rana ta uku muna kwazazzabon kogin Tarn, bayan mun wuce Sainte-Enimie, inda titi ke manne da dutse, wani wurin an huda dutsen an ratsa, wani wurin kuma dutsen ya sunkuyo kan hanya. Wata mota ta taho, na raɓa dama in ba ta wuri, sai na ji ƙara daga sama. Na kankare gefen rufin. Inshorar da na ɗauka ba ta biyan ɓarnar rufi, kuma an rubuta haka ƙarara a takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Daga kuɗin ajiyata aka cire, kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa.

Don haka ka rubuta tsayi da faɗin motar a takarda, ka manna kusa da sitiyari. Za ka buƙace su kullum. Wuraren ajiye motoci da yawa an gitta musu ƙarfe a ƙofa wajen mita 2. A shingen biyan kuɗin babbar hanya ma tsayi ake dubawa: daga mita 2 zuwa 3 kana aji na biyu, kuɗinka ya fi na ƙaramar mota. Taswirar waya kuwa ba ta san me kake tuƙawa ba, za ta cusa ka lungun ƙauyen da aka gina tun zamanin keken doki.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba rufin ba ne. Gaggawa ce. Na zauna a Clermont-Ferrand na jera wurare 14, na auna nisansu da lissafin babbar hanya. Babbar hanyar A75 ta ruɗe ni, domin shimfiɗaɗɗiya ce kuma kyauta ce, ban da gadar Millau, wadda aka buɗe a 2004, da ƙololuwarta ta kai mita 343. Da ka sauka ka shiga hanyoyin karkara, labari ya sauya. Doka ta ce kilomita 80 ko 90 a awa a yawancinsu, amma da lanƙwasa da hawa da gangara, da ƙyar nake haɗa 45. Kullum sai dare muke isa, a gajiye, ba mu ga komai ba sai kwalta. Tudun Aubrac, da shanunsa masu launin ƙasa da baƙin zagaye a ido kamar an sa musu kwalli, ta gilashi muka gan shi. A nan ne maiɗakina ta ce, "Maigida, kallo muka zo ko tsere?" Ban ba ta amsa ba a lokacin, amma da gaskiyarta. Wuri huɗu ko biyar sun ishi kwana 10.

Ga shi kuma a watan Agusta muka tafi, lokacin da ƙasar gaba ɗaya ke hutu. Garuruwa da yawa sun keɓe wa irin waɗannan motoci filin kwana da suke kira aire, amma a Rocamadour kafin la'asar duk sun cika. Mun kwana a bakin wani kanti, ban runtsa ba. In kana da zaɓi, ka tafi a Yuni ko Satumba, kuma ka nemi masauki tun rana na sama.

Batun ruwa, ku saurara da kyau, domin lissafinmu ya bambanta da nasu. Tankinmu lita 100 ne, an ce mini zai kai kwana uku ko huɗu. Wannan lissafin wanda ba ya alwala sau biyar ne, ba ya kuma tsarki da ruwa. Mu kwana biyu ya ƙare. Ka tafi da buta da jarka biyu, kuma duk inda ka ga famfon aire ka cika ko da tankin bai yi ƙasa ba. A wurin ne kuma ake zubar da ruwan wanke-wanke da akwatin bayan gida. Kada ka kuskura ka zubar a gona ko bakin rafi. Laifi ne, kuma cin amanar mutanen da suka bar ka ka kwana a ƙasarsu ne.

Abinci ma sai da shiri. Shagunan ƙauye na rufewa da tsakar rana, ranar Lahadi da yamma ba ka samun kowa, wasu har Litinin. Naman halal babu shi sai a manyan garuruwa, ka saya ka cika firij tun kafin ka tashi. Kuma ka riƙa tambaya, domin 'yan gutsattsarin naman alade na shiga har cikin ganye da wainar ƙwai. Aligot na Aubrac, dankalin da ake tuƙawa da cuku har ya riƙa miƙewa kamar danƙo, yawanci da tsiren alade ake kawo shi. Ka ce a ba ka shi kaɗai. Kasuwar Sarlat ta Laraba da Asabar kuwa ta wadata mu da gyaɗar turawa da zuma da kayan lambu.

Daren da ya fi mana daɗi bai ci mana ko sisi ba. Akwai tsarin France Passion: ka biya kuɗin shiga na shekara, manoma su bar ka ka kwana a gonarsu awa 24 kyauta. Da yawansu masu gonar inabin giya ne, mu sai muka zaɓi makiyayi, wani dattijo kusa da Millau da ke kiwon tumakin Lacaune, waɗanda da nononsu ake cukun Roquefort. Na sauka a gajiye, na tambaye shi inda zan ajiye mota ban gaishe shi ba. Ya dube ni, ya ce bonjour, ya yi shiru. Kunya ta rufe ni, ni da aka rene ni a gidan da ba a shiga sai da sallama. Na nemi afuwa, muka gaisa yadda ya kamata. Daga nan ya kai mu garke, ya nuna mana yadda ake tatsa, na ba shi labarin balami da udar Damagaram, ya yi ta tambaya yadda suke jure rani. Da dare sanyi ya sauko, duk da Agusta ce, muka yi sallarmu ta ƙasaru a kan ciyawa, muka rufa da bargo biyu.

In Allah ya kai mu ƙarshen Mayu, Aubrac za mu koma, lokacin da ake yi wa shanu ado da furanni a hau da su tudu mashekari. Kwana huɗu na ware wa wurin, shi kaɗai.