Kwana biyu ina neman paraview.simple

Aikin da ke gabana shi ne in fitar da hotuna sama da ɗari daga sakamakon wani lissafin gudun ruwa a cikin bututu da na yi da OpenFOAM, manhajar lissafin gudun ruwa da iska, kowane hoto yana nuna saurin ruwan a wani lokaci daban. Yin haka da hannu a ParaView, manhajar da ke mayar da irin wannan sakamako zuwa hoto, zai cinye mini mako guda, shi ya sa na yanke shawarar sa Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, ta yi aikin. A jerin Tools na ParaView akwai Start Trace, wanda yake mayar da duk abin da mutum ya danna a kan allo zuwa rubutun umarni, sai ya adana ya gyara yadda yake so. Na adana nawa, na buɗe tagar umarni, na rubuta `python3 hotuna.py`, amma maimakon hotuna sai kwamfuta ta tsaya a layin `from paraview.simple import *` ta ce `ModuleNotFoundError: No module named 'paraview'`.

Na ɗauki saƙon kamar yadda ya zo, na zaci wani abu ne bai sauka ba, alhali kuwa ParaView tana nan cikakkiya, a gabana ma take a buɗe. Idan aka ce wa Python ta shigo da modul, wato wani kunshin umarni da aka riga aka rubuta, manyan fayilolin da ke cikin jerin `sys.path` kaɗai take dubawa, ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ba ta same shi a cikinsu ba sai ta ce babu, ko da yana zaune a wani lungu na kwamfutar. Python ɗin da na kira ta Ubuntu 22.04 ce, wato 3.10, ita kuwa ParaView 5.11 da na sauko da ita tana tafe da tata Python, kuma sunan fayil ɗin da kansa ya faɗa, domin an rubuta Python3.9 a jikinsa. Sau da yawa na ga sunan, ban taɓa tsayawa na karanta shi ba.

Akwai dalilin wannan tsari. Kamfanin Kitware da cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka ne suka fara gina ParaView a 2000, aka saki sigar farko ga jama'a a 2002, kuma an ɗora ta ne a kan VTK, tarin laburaren zana hoto daga bayanai, wadda aka rubuta da harshen C++. Abin da muke kira daga Python ƙofa ce kawai zuwa waɗancan laburare na C++, kuma ita ƙofar an harhaɗa ta ne daidai da siga guda ta Python, ba ta shiga wata.

Da yake ban fahimci haka ba tukuna, sai na bi hanyar da ta fi kusa: na sa `PYTHONPATH`, saitin da ke ƙara wurare a jerin `sys.path`, ya nuna `lib/python3.9/site-packages` da ke cikin ParaView. Saƙon farko ya tafi, na yi murna, sai ga wani ya maye gurbinsa, wannan karon `ImportError`, yana kuka da wani fayil mai ƙarewa da `.so`. Bambancin saƙonnin biyu shi ne abu mafi amfani da na koya a kwanakin nan. Tun daga Python 3.6 aka ware `ModuleNotFoundError` domin ya nuna cewa ba a ga modul ɗin ba sam, shi kuwa `ImportError` zalla a irin wannan hali yana nufin an gan shi, amma ya ƙi tashi saboda wani abin da ya dogara da shi ya ɓace ko bai dace ba. A Linux umarnin `ldd` yana jero laburaren da fayil yake bukata, yana rubuta `not found` a gaban wanda bai samu ba, kuma ana iya nuna masa hanya da `LD_LIBRARY_PATH`. Na yi hakan ma, sai dai gyara hanya ba ya mayar da 3.10 ta zama 3.9. Ƙari a kan haka, a cikin ruɗewa na riga na rubuta `pip install vtk`, wanda ya sauko da wata VTK daban, sai aka samu `vtkmodules` guda biyu a kwamfuta ɗaya, wanda ya riga zuwa a jerin `sys.path` shi ake ɗauka. Na yi gyaran gangar auzinawa ne kawai, domin kowane mataki sai ya ƙara dagula na bayansa.

Maganin kuwa yana cikin `bin` na ParaView tun farko. Akwai `pvpython`, wadda ita ce Python ɗin ParaView da dukan hanyoyinta a shirye. Na share abin da na sa a `PYTHONPATH` da `LD_LIBRARY_PATH`, na cire VTK ta `pip`, na rubuta `pvpython hotuna.py`, hotuna suka fara fitowa.

Washegari matsalar ta juyo ta ɗaya gefen. Na so in karanta wani jadawali da pandas, modul ɗin sarrafa jadawali, a cikin rubutun, `pvpython` ta ce ba ta san shi ba, domin numpy, modul ɗin lissafi da pandas ya dogara da shi, tana cikin kayan da ParaView ta zo da su, pandas kuwa a Python ɗin Ubuntu na sa shi. Ana iya sauko da pandas da aka gina wa 3.9 a ajiye shi a wuri na musamman a ƙara wurin cikin `sys.path`, amma sai an kula kada ya jawo wata numpy da za ta yi karo da ta ParaView. Ana kuma iya buɗe sabon muhalli na conda, manhajar da ke keɓe Python da kayanta wuri guda, a sauko da ParaView daga rumbun conda-forge, inda ita da pandas za su zauna a kan Python guda, kuma a ganina wannan ce hanya mafi tsabta ga wanda aikinsa zai daɗe. Ni dai intanet ɗina ba ta da ƙarfin sake sauko da ɗaruruwan megabait a ranar, saboda haka na raba aikin biyu: rubutu ɗaya yana tace jadawalin da pandas ya ajiye shi a CSV, na biyu yana karanta shi a `pvpython`.

Kuskure na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Na taɓa ajiye wani ɗan gwaji da suna `vtk.py` kusa da rubutuna, kuma da yake Python tana fara duba wurin da rubutun yake kafin ko'ina, sai ta shigo da gwajina a madadin VTK ta gaskiya. Sauya masa suna ya wadatar. Masu Windows kuma su sani cewa daga Python 3.8 ba a ƙara neman fayilolin DLL na modul a `PATH` ba, sai an ambaci wurinsu da `os.add_dll_directory`, kuma wannan na daga cikin abin da ke haifar da saƙon `DLL load failed`.

Yanzu kowane rubutu nawa yana farawa da buga `sys.executable` da `sys.version` da `paraview.__file__`, domin in ga wace Python ce ke aiki, kuma daga ina ta ɗauko modul ɗin. Da na kai aikin babbar kwamfutar da ba ta da allo, aka tsaya a kan `libGL.so.1`, laburaren zana hoto na OpenGL, sai na gane cewa wannan ba batun hanya ba ne: na sauko da nau'in ParaView mai amfani da OSMesa, wanda yake zana hoto ba tare da allo ba, na tura rubutun ta `pvbatch`, 'yar'uwar `pvpython`, na bar shi yana aiki har gari ya waye.