Da Gafaka a Cinya, Daga Kano Zuwa Agege

Shekara shida na yi ina rubuta Alƙur'ani da hannuna, daga ka, abin da mu 'yan tsangaya muke kira satu. Ranar da na aje alƙalami a ƙarshen suratun Nasi ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina, don a wurinmu rubutu bai kammala ba sai na gaba da kai ya duba. Alaramman da na yi hadda a hannunsa kuwa ya daɗe da komawa Agege wurin 'ya'yansa. Tafiya Ikko ta kama ni ke nan.

Motar dare na hau. Yaron mota ya so a tura gafakar cikin but tare da buhuna, na ce ina, a cinyata za ta kwana. Muka wuce Zariya, Kaduna da Abuja, muka tsallake kogin Kwara dab da Lokoja. A Ibadan na sauka na nufi tashar jirgi ta Moniya, don na daɗe ina son hawa sabon jirgin ƙasan da ya fara jigila a 2021. Sama da awa biyu ina kallon dazukan ƙasar Yarbawa, kore shar, zuciyata kuwa tana can wajen shekarun da na kwashe a kan tabarma.

A 2017 na fara, da zumuɗi. Baƙara da Ali Imrana ban ma san lokacin da na wuce su ba. A tsakiya aikin ya cije. Ina cikin suratu Maryam korona ta zo a 2020, aka kulle Kano, shagon ɗinkina ya rufe. Ga lokaci har ya yi yawa, amma wata takwas ban tsoma alƙalami a tawada ba. Ina ta jiran zumuɗin farko ya dawo, bai dawo ba. Abin da ya fisshe ni ƙa'ida ce 'yar ƙarama: shafi ɗaya bayan asuba, kafin yara su tashi, ko ina so ko ba na so. Wata rana baƙin kawai nake yi, sai gobe in bi da jan wasali, in ɗiga rawayar hamza. A haka izu talatin ɗin da suka rage suka tafi.

Ina fitowa daga tashar Agege Hausa ta fara dukan kunnena. Ba mamaki, fataucin goro da layin dogo, wanda ya isa Kano tun 1911, su suka zaunar da kakannin mutanen nan. Ga ɗanfo masu ruwan ɗorawa suna ta ƙugi, ga huhunan goro a jingine, ga mai shayi yana yanka burodin Agege mai laushin nan. Wani dattijo ya dubi gafakar, ya ce, "Malam, gidan Alaramma za ka ko?" Ya haɗa ni da yaro har ƙofar gida.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tsufa ƙwarai, sai da tabarau yake gani. Ya kwance igiyar gafakar a hankali, ya ɗauki warƙar farko ya kai dab da idonsa, ya daɗe bai ce komai ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi muna dubawa, shi da gardawansa biyu, daga hantsi zuwa azahar. Kuskure ashirin da uku suka fitar. Wanda ya fi tsaya min a rai yana Ali Imrana: inda ake cewa "bi gairi haƙƙin" na rubuta "bi gairil haƙƙi", irin na Baƙara. Alif da lam kawai, kuma na bi ta kan wurin nan ya fi sau goma idona bai gani ba. Da reza na kankare, hannuna yana rawa.

Akwai abin da yake damuna tun daga gida. Rubutun farko manya ne, layin yana karkacewa, na ƙarshe kuwa ya zauna daram, kamar ba hannu ɗaya ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina so in sake izu goman farko."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ɗana, in ka sake su za su fi na tsakiya kyau, sai ka ce na tsakiyan ma a sake. To yaushe za a karanta shi? Wancan hannun shi ya kawo ka wannan. Bar shi."

Ranar Juma'a aka yi addu'a a masallacin unguwar, aka raba goro da waina. Alaramma ya nemi in bar masa shi ya yi saukar azumi da shi, in ya so in dawo bayan salla in ɗauka. Na amsa da to, duk da na ji nauyin rabuwar har cikin ƙirjina.

Motar Kano ta tashi da yamma. Har muka wuce Berger muka hau titin Ibadan, hannuna bai daina lalubar cinyata ba, yana neman igiyar gafaka.