Tayar taɓo ga motar da ke bin kwalta da hanyar gona

Da zarar damina ta kankama, masu a-kori-kura irin su Hilux da ke zirga-zirga tsakanin gari da gona sukan fara shawarar canjin taya, kuma tambayar da abokai suka fi yi mini ita ce ko ya dace mutum ya saka tayar nan mai manyan haƙora wadda ake rubuta M/T a gefenta, wato tayar taɓo. Ni da ita nake aiki, domin ƙarshen hanyar gonarmu fadama ce wadda ba ta shiguwa da wata taya daga watan Yuli zuwa Satumba, amma ban taɓa ba kowa shawarar ya saya ba sai na tambaye shi irin ƙasar da yake bi. Tayar taɓo tana fitar da mutum daga ɗan guntun wuri mai wuya, sannan ta karɓi ladanta a kan kowace kilomita ta kwalta, ta fuskar mai da ƙara da saurin cinyewa da kuma tsawon birki. Wanda takinsa da amfanin gonarsa suka rataya a kan wannan guntun wuri bai yi asara ba idan ya biya, amma wanda kyan haƙoran kawai ya burge shi ya sayi wahala da kuɗinsa.

Abin da ya bambanta ta da sauran tayoyi shi ne faɗin ramukan da ke tsakanin haƙoranta. Duk wanda ya taɓa tsugunawa kusa da motar da ta kafe a laka ya ga yadda tayar kwalta take komawa: laka ta cike ƙananan layukan zanenta, ta zama sumul kamar bayan tukunya, tana juyawa a wuri ɗaya tana feshin caɓi ba tare da ta kama komai ba. Ita kuwa tayar taɓo, idan direba ya ɗan ƙara wuta, juyawar da take yi da lanƙwasuwar robar suna watsar da lakar da ta shiga ramukan, ta yadda kowane haƙori zai sake saukowa ƙasa da bakinsa a buɗe. Akwai kuma haƙoran kafaɗa waɗanda suka gangaro gefen taya, su ne suke kama bangon ramin da manyan motoci da tarakta suka haƙa a hanya, su taimaka wa mota ta hauro. Wannan shi ne aikinta na asali, kuma a nan babu tayar A/T, wadda aka yi domin ta ɗan taɓa kowace irin hanya, da za ta kamo ta.

Sai dai ƙasa iri-iri ce, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskuren zaɓi. Baƙar ƙasar nan mai danƙo da ake kira firki a yankin Dikwa da Ngala ta jihar Borno, da lakar fadamun Haɗeja zuwa Nguru, da jar ƙasa mai santsi ta ƙauyukan tsaunin Mambila, duk wurare ne da tayar taɓo take nuna amfaninta. Amma wanda hanyarsa rairayi ne, kamar arewacin Yobe wajen Yusufari ko mafi yawan hanyoyin karkara na Jamhuriyar Nijar, ya sani cewa haƙoran da suke ceto a laka su ne suke haƙa wa mota rami a yashi. A cikin rairayi ana son taya ta shimfiɗu a sama ta yi ta tafiya, ita kuwa tayar taɓo tona take yi, kuma direban da bai rage iska ba zai ga motarsa ta zauna a kan cikinta nan da nan. Hanyar burji mai tsakuwa ma ba ta bukatar ta, domin A/T mai ƙarfin gefe ta wadatar.

Abin da ya fi damuna game da ita, wanda kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba, shi ne halinta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Saboda ramukan suna da faɗi, robar da take taɓa titi ba ta da yawa, sannan haƙoran ba su da isassun ƙananan tsagogin nan da suke share ruwa daga ƙarƙashin taya. Sakamakon haka birki yana ɗaukar tazara mai tsawo fiye da yadda direba ya saba, kuma bayan a-kori-kura idan babu kaya ba shi da nauyi, yana iya zamewa a kwana ba tare da gargaɗi ba. Abin tsoron shi ne lokacin da aka fi bukatar tayar a gona shi ne kuma lokacin da kwalta ta fi jiƙewa. Ina roƙon duk wanda ya saka ta ya rage gudu idan ana ruwa, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da motar gaba, musamman a ruwan farko da ke tayar da man da ya zuba a titi tun rani. Ƙarar da take yi kuwa, wadda take ƙaruwa yayin da haƙoran suke cinyewa, abu ne da mutum yake sabawa da shi, haka ma ƙarin shan mai.

Idan an yanke shawarar saye, to rubutun da ke gefen taya ya fi sunan kamfani muhimmanci. A ɗauki misalin taya mai rubutu LT265/70R17 121/118Q. Haruffan LT suna nuna cewa an ƙera ta domin ƙananan motocin ɗaukar kaya, 265 faɗinta ne a milimita, 70 na nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari ne na wannan faɗi, 17 kuma girman wili ne a inci. Lambar 121 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,450 idan an cika mata iskar da ta dace, yayin da lambar 112 da ake gani a tayoyin da Hilux da yawa suke zuwa da su take nufin kilo 1,120. Lambar 118 ta motar da ake jera wa taya bibbiyu ce. Harafin Q kuma iyakar gudunta ne, kilomita 160 a awa. Ga mai loda buhunan masara ko taki, wanda kowane buhun hatsi yake kaiwa kimanin kilo 100 kuma kusan dukkan nauyin yake sauka a kan ƙafafun baya, wannan lamba ba abin wasa ba ce. A duba kuma ajin ƙarfin jikinta, inda C yake daidai da rufi 6, D rufi 8, E kuma rufi 10. Kututturen da aka sare a gona da tushiyar dawa bayan girbi ta gefe suke huda taya, kuma hujin gefe ba ya ɗaukar faci mai aminci komai gwanintar mai faci. Amma tayar E a ƙarƙashin motar da ba ta ɗaukar kaya tana da tauri, tana jijjiga mutum a kan burji, don haka ga yawancin masu gona ina ganin D ta isa.

Game da girma, shawarata ita ce kada a yi nisa da abin da kamfanin motar ya tsara. Wanda ya tashi daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 ya ƙara tsayin taya daga kimanin milimita 776 zuwa 803, abin da zai ɗan ɗaga cikin motar daga ƙasa, amma agogon gudu zai riƙa nuna 100 alhali motar tana kan 103. Fiye da haka taya takan fara gugar bodi idan an karya kan mota, ƙarfin jan injin ya ragu, birki da kayan ƙafa su sha wahala. Faɗi ma ba kullum yake taimako ba. Inda laka take da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinta, siririyar taya doguwa irin 7.50R16 da ake gani a Land Cruiser na aikin daji tana yanka lakar ta sauka kan taurin ta kama, yayin da faffaɗar take yawo a sama. Kuma a mota mai jan ƙafa huɗu dole tayoyin su zama girma ɗaya da zane ɗaya, har da safaya, domin bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana matsa wa giya idan an saka ƙafa huɗun.

Sunayen da aka sani a wannan fanni suna da yawa, irin su KM3 ta BFGoodrich da Razr MT ta Maxxis da Geolandar M/T ta Yokohama da Open Country M/T ta Toyo, kuma akwai masu rahusa daga Sin waɗanda wasunsu suna aiki daidai gwargwado. Matsalarmu a Najeriya ta fi ƙarfin zaɓin suna, domin tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Legas a 2008, kusan duk tayar da ke kasuwa daga waje aka shigo da ita, kuma babu wanda ya san tsawon zaman da ta yi a sito ko a rana. Saboda haka kafin a yi ciniki a nemi rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, a karanta lambobi huɗu na ƙarshe: 2423, alal misali, yana nufin mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗin direbobi game da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, kuma duk wanda ya ga yadda tayoyi suke fashewa a zafin bazara zai fahimci dalili. A sa hannu a shafa cikin tayar da bakinta inda take zama a kan wili, domin wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya don rage kuɗin jigila, abin da yake lanƙwasa wayar bakin. Tayar gwanjo kuwa, wadda doka ta hana shigo da ita, tana ruɗin mai saye musamman idan ta taɓo ce, saboda zurfin haƙoran yana sa tsohuwa ta yi kama da sabuwa alhali robar ta bushe ta fara tsatstsagewa a gindin haƙoran.

Bayan an saka, kula da ita ya fi na sauran tayoyi yawa. Haƙoranta sukan ci ba daidai ba, wani ya yi tudu wani ya yi kwari, musamman a ƙafafun gaba, don haka a riƙa juya su tsakanin gaba da baya duk bayan kimanin kilomita 8,000, a kuma duba saitin ƙafa da lafiyar shokozoba. Iska a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, da gejin da mutum ya mallaka ya yarda da shi, domin bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne, kuma tayar LT tana bukatar iska fiye da tayar da motar ta zo da ita kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. A bakin fadama nakan rage iskar zuwa kimanin PSI 20 a geji domin tayar ta shimfiɗu ta ƙara kamu, in shiga da giya ta biyu ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Amma wannan dabara tana da sharaɗi, wato a mayar da iskar kafin a hau kwalta, saboda taya mai ƙarancin iska da kaya a kanta tana ɗaukar zafi har ta ɓare. Ƙaramin famfon da ake jonawa da batirin mota yana yin wannan aiki a gefen hanya, kuma ina ganin ya kamata a saye shi rana ɗaya da tayoyin, a lissafa kuɗinsa cikin kuɗinsu.