Na ga wanzamin kifaye da idona

Kai jama'a, jiya na fara leƙa ƙarƙashin ruwa a Bahar Maliya da gilashin ninƙaya, har yanzu abin bai sake ni ba wallahi. Wajen duwatsun murjani, ruwan bai ma wuce tsayina biyu ba, na hango wani ɗan kifi bai fi santimita 10 ba, mai baƙin layi tun daga baki har wutsiya, shi ne Turawa ke kira cleaner wrasse. Wani ƙaton kifi ya zo ya tsaya cak ya wangale baki, na ce shikenan ɗan nan ya zama kalaci, ashe aiki ya zo yi! Ya shiga bakin, ya leƙa ta ramukan gefen kansa da yake numfashi da su yana tsince ƙwarin da suka maƙale masa da mataccen fata, ya fito lafiya lau, wasu na gefe suna jiran layi kamar gidan aski.

Abin da ya fi ɗaure min kai, su waɗannan 'yan wanzaman, namiji ɗaya ne ke riƙe da mata da yawa, in ya mutu sai babbar cikinsu ta rikiɗe ta koma namiji ta karɓi gidan. Ikon Allah! Ni dai bayana duk rana ta ƙona shi saboda kallo.