Gyaran rasit da kayan cikinsa a Django: layin da bai dawo ba

Duk wanda ya gina manhajar shago da Django, tsarin gina manhajojin yanar gizo da harshen Python, ya san wannan wurin. Kana da teburin rasit, kana da teburin kayan da ke cikin rasit, kowane layi yana riƙe da lambar rasit ɗinsa ta hanyar ForeignKey, wato mahaɗin da ke ɗaure layin wani tebur da na wani. Karantawa ba wuya: ka cusa serializer (mai juya bayanan tebur zuwa siffar da ake turawa manhaja) na layuka cikin na rasit, Django REST Framework, ƙarin da ake ɗora wa Django don musayar bayanai da wasu manhajoji, ya fito maka da komai a dunƙule. Amma ranar da ka nemi gyara rasit tare da layukansa a turo ɗaya, sai ya tsaya cak, ya jefo maka AssertionError, ya ce ka je ka rubuta update() naka da hannunka. Haka yake tun sigar 3.0 da ta fito a ƙarshen 2014.

Matasan da nake koya wa aikin sukan ɗauki wannan a matsayin gazawa. Ni kuwa ina ganin gaskiyarsa ce ya ƙi.

Ɗauki rasit na wani shagon kayan masarufi: buhun sukari 2, katan ɗin taliya 5, jarkar man gyaɗa 1. Yaron shago ya yi gyara a wayarsa, abin da ya iso wurinka shi ne sukari 3, taliya 5, man gyaɗa babu shi ko alama. To me ake nufi? Mai saye ne ya fasa man? Ko manhajar wayar tana turo layukan da ke bisa allo ne kawai? Ko wanda ya rubuta ta ya ɗauka ba sai ya maimaita abin da ba a taɓa ba? ORM, sashen Django da ke magana da rumbun bayanai, ya san cewa layi na rasit ne. Bai san al'adar shagon ba, kuma babu inda zai gano ta.

Abin da na fi tarar da shi a manhajojin da ake kawo mini in duba shi ne hanyar ragwanci: a goge duk layukan rasit, a sake ƙirƙirar su daga abin da aka turo. Rubutun umarni layi uku kacal, an gama, kuma a gwajin farko yana aiki sumul. Ɓarnar tana can ƙasa. Kowane sabon layi yana samun sabuwar lambar shaida, ke nan duk abin da ke jingine da tsohuwar ya rasa madogara. Idan akwai teburin kayan da aka mayar, wanda ke nuna cewa an dawo da katan ɗaya daga layin taliya, kuma an sa masa on_delete=CASCADE, wato in an goge layi a goge duk abin da ke jingine da shi, to gyaran adadin sukari kaɗai ya isa ya share wannan tarihin. Ba saƙon kuskure, ba komai. Sai ƙarshen wata mai shago ya ga lissafin sito bai yi daidai da na aljihun tebur ba, a fara kallon yaron shago da wani ido. Kamar ka yage shafin littafin bashi ne don ka gyara lamba ɗaya, ka manta da abin da aka rubuta a bayansa.

Ga yadda nake yi. Da farko ina tabbatar lambar shaidar kowane layi tana isowa. A nan ake yawan tuntuɓe, domin ModelSerializer yana ɗaukar id a matsayin abin karantawa kawai, yana cire shi daga validated_data shiru. Sai ka bayyana shi da kanka, IntegerField da required=False. Daga nan layin da ya zo da lamba gyara ne, wanda ya zo babu lamba sabo ne.

Kuma lambar da aka turo, a cikin layukan wannan rasit ɗin nake nemanta, ba a teburin gaba ɗaya ba. In ka rubuta objects.get da lambar kai tsaye, duk wanda ya iya canza adadi ɗaya a cikin abin da wayarsa ke turowa zai gyara rasit ɗin wani. Lambar da ba ta cikin rasit, kuskure nake mayarwa, ba na ƙirƙirar mata layi.

Dukkan aikin yana cikin transaction.atomic, don kada wuta ta ɗauke ko layi na uku ya gaza a bar rasit rabi a gyare. Ina kuma kulle rasit ɗin da select_for_update saboda masu sayarwa biyu da za su taɓa shi lokaci guda. Sai dai a lura, SQLite, rumbun bayanan da Django ke farawa da shi, ba ya kula wannan umarnin sam. A kwamfutarka za ka ga kamar komai lafiya, ainihin halinsa sai a manyan rumbunan bayanai irin su PostgreSQL ko MySQL.

Akwai wasu ƙananan tarkuna. Umarnin set() yana kama da maganin matsalar, amma idan ForeignKey ɗin ba ya karɓar null, ƙari kawai yake yi, ba ya cire kowa. Shi kuma bulk_update, da ya shigo a Django 2.2 a 2019, yana rage zirga-zirga zuwa rumbun bayanai, amma ba ya kiran save(), ba ya tayar da siginar post_save. Idan a can ka ɓoye lissafin jimillar kuɗi, jimillar za ta tsaya a tsohon adadi. Don rasit mai layi goma ba na ma damuwa da shi.

Komawa ga man gyaɗar da ya ɓace. Rails, takwaran Django a harshen Ruby, tun 2009 ya zaɓi hanya mai tsabta a accepts_nested_attributes_for: layi ba ya gogewa don kawai ba a ambace shi ba, sai an turo shi da alamar _destroy, kuma sai ka ba da izinin hakan tun farko. SQLAlchemy, wani ORM ɗin na Python, yana da delete-orphan, inda cire ɗa daga jerin uwarsa ke nufin goge shi, amma shi ma kai ne kake kunna shi da saninka. Ni ta Rails na ara. Shiru ba gogewa ba ne. Mai son cire layi ya faɗa da bakinsa. A PATCH kuma, wato turon da ke gyara wani sashe kawai na rasit, ina bambanta rashin turo jerin layuka gaba ɗaya da turo jeri wanda ba kome a cikinsa, don umarnin pop da aka ce ya mayar da jerin wofi idan bai sami komai ba yana haɗe su wuri ɗaya.

Kafin in rubuta ko harafi ɗaya na wannan update() ɗin, mai shagon nake zama da shi. "Alhaji, idan an cire kaya daga rasit bayan an buga shi, kana so ya ɓace ne, ko ka riƙa ganin an soke shi da sunan wanda ya soke?" Yawancinsu na biyun suke zaɓa, ba tare da dogon tunani ba. Sai in ƙara wa teburin layuka wurin alamar sokewa da na wanda ya soke da lokacin da aka yi, in mayar da CASCADE ɗin kayan da aka mayar zuwa PROTECT, mai hana goge layin da wani abu ke jingine da shi, in kuma tuna cire sokakkun layuka daga lissafin jimilla.